Aikin gini a Yamai: umarnin da ke cin karo da juna da matsin da yake jefa ma'aikaci, tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya bi ta Bobiyel, Kwara Tegi, Niamey 2000 ko ƙetaren Harobanda ya ga yadda Yamai ke faɗaɗa. Ana yawan maganar kuɗin siminti da ƙarfe, amma ba a cika maganar halin da masu ɗora bulo kan bulo ke ciki ba. Ga irin tambayoyin da magina, leburori, shugabannin shantiye (wurin aikin gini) da masu ba da aikin gini kan yi.

Me ake nufi idan aka ce nauyin da ke kan ma'aikaci yana cin karo da juna?

Shi ne a jira abu biyu daga mutum ɗaya, in ya cika ɗaya dole ya saɓa ɗayan. A ɗauki magini da zai zuba ginshiƙi. Injiniya ya rubuta kilo 350 na siminti a kowane mita kubik na kankare, wato buhu 7 masu kilo 50. Ɗan kwangila ya ja shi gefe ya ce buhu 5 sun isa, ai ba gada ake ginawa ba. Da dare mai gidan ya kira ya ce shi dai a gama kafin Sallah. Su ukun duka suna da iko a kansa, kuma ranar da ginshiƙin ya tsage ba ko ɗayansu da zai tsaya tare da shi.

Wani lokaci bakin guda ne ke tuƙa da warwara: "Yi sauri, amma kada in ga kuskure." Wani lokaci rikicin tsakanin aikin ne da imanin mutum, wani lokaci tsakanin shantiye da gida. Akwai kuma ƙanin wannan matsala, wato rashin sanin iyakar aikinka: ba a faɗa maka ko kai ke da alhakin ƙirga buhunan da aka sauke ba, sai ranar da biyu suka ɓace.

A 1964 Robert Kahn da abokan aikinsa na jami'ar Michigan a Amurka suka fitar da bincikensu kan wannan batu. Sun nuna cewa wanda ake ja ta ɓangarori daban-daban ya fi zama cikin ɗar-ɗar, jin daɗin aikinsa ya ragu, kuma amincewarsa da na sama da shi ta yi rauni.

Ai kowace sana'a da wahalarta. Me ya sa ake ware gini?

Domin a gini masu iko sun yi yawa, kuma ba su cika zama wuri ɗaya ba. Mai gida ya ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya yanka wa wani ƙarami, shi kuma ya ɗauko magini, magini ya ɗauko leburori daga bakin titi da safe. Ga mai ɗaurin ƙarfe, ga kafinta, ga mai wuta, ga mai famfo, kowa da wanda yake sauraro, kuma aikin kowa na jiran na wani. Mai famfo bai zo ya sa bututu ba, magini ya rufe wurin don kada a ce ya zauna banza, gobe a fasa, a zage shi.

A nan ƙasar akwai wani ƙari. Gidaje da dama, a Yamai da Tawa, masu su na can Abijan, Libiya, Lome ko Saudiyya suna neman kuɗin. Mai gidan na aiko da saƙon murya ta WhatsApp, ƙanensa da ya wakilta yana faɗin nasa, uwargida ta leƙo ranar Juma'a ta ce taga ta yi ƙanƙanta. Ba wanda ya yi laifi a cikinsu, kowa na son gidan ya yi kyau. Amma magini ɗaya ne ke karɓar duka.

Sannan kuskuren gini daskarewa yake yi. Tela na iya warware ɗinki, amma kankaren da ya kwana sai guduma, kuma kuɗin fasawa galibi daga aljihun mafi rauni yake fita. Ga haɗarin rai a kai: Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa aƙalla mutum 60,000 ke mutuwa a wuraren gini a duniya kowace shekara.

Wa ya fi shiga tsaka mai wuya a shantiye?

A ganina shef ɗin shantiye ne, ko babban maginin da aka damƙa wa ma'aikata. Jiya shi ma da cokalin gini yake a hannu, tare da waɗannan mutane yake cin shinkafa da wake a inuwar bango, yau an ce ya tsawata musu. Na sama na kallonsa a matsayin ɗan uwan leburori mai rufa musu asiri, na ƙasa na kallonsa a matsayin yaron Alhaji. Idan kuɗi suka makara, ba ofishin ɗan kwangila ake zuwa ba, ƙofar gidan shef ake bugawa bayan magariba. An ɗora masa alhakin komai, amma ba shi da ikon sayen buhu ɗaya ko ƙara wa aiki kwana ɗaya. Irin wannan mutum ne ke kwana ido biyu yana lissafi, kuma shi ne ba wanda ke tambayar lafiyarsa, don ana ganin ya samu matsayi.

Lebura nasa daban ne. Kowa na aikensa: magini na kiran kwaɓi, kafinta na kiran katako, direban tifa na jiran a sauke, duk a lokaci guda, kuma ba shi da bakin cewa wanne zai fara. A 1979 masani Robert Karasek ya bayyana cewa aikin da ya fi cin mutum shi ne mai yawan buƙata da ƙarancin ikon yanke shawara. Da wuya a sami aikin da ya dace da wannan bayani kamar na mai ɗaukar kwanon kankare.

Kada a manta da matashin injiniya ko teknisiyan da ya fito makaranta, wanda zai gyara wa magini sa'an mahaifinsa aiki. Ya san lissafi, tarbiyya kuma ta hana shi ɗaga murya. Idan mace ce, sau da yawa sai an sake tambayar wani namiji kafin a bi abin da ta faɗa. Sai mai gadi, wanda aka ce kada ya bar kowa ya fita da kaya, ga shi kuma ɗan mai gidan ne ya zo ɗiba.

Yaya zan gane abin da ke damuna ya wuce gajiyar yau da kullum?

Gajiyar jiki barci na maganinta. Idan ka kwanta a gajiye amma barci ya ƙi zuwa, ko kana farkawa tsakar dare da lissafin aiki. Idan gabanka na faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara. Idan abinci ya fita ranka, kai da wuya na ciwo kullum, kana manta awo da ka saba yi ido rufe. Idan ƙaramin abu na sa ka daka wa yara ko matarka tsawa, ka daina zuwa fada, ka daina dariya, to ba tsoka kaɗai ce ta gaji ba. In hakan ya ɗauki makonni, a nemi likita, a kuma auna hawan jini.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙonewar ƙarfi saboda aiki cikin kundinta a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarewar kuzari, ƙosawa da aikin, da raguwar ƙwazo.

Da gaske damuwa na iya jawo haɗari, ko dai ƙaddara ce kawai?

Ƙaddara gaskiya ce, amma tana da sababi. Mutumin da bai yi barci ba, hankalinsa na kan kuɗin haya, ƙafarsa na kan katako a hawa na biyu, ba ya ganin ƙusar da ta fito. Mafi muni shi ne inda gaggawa ta ci karo da ƙa'ida. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, kuma yana son a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla mako guda, balle a zafin nan namu. Idan aka matsa wa kafinta ya cire sandunan da ke tallafe da dal, wato rufin kankare, tun bai yi ƙwari ba, don ana son katakon a wani shantiye, to an sa ran duk wanda ke ƙarƙashi a caca. Kafintan ya sani. Tsoron rasa aiki ne ya rufe masa baki.

Akwai kuma cutar da ke zuwa a hankali. Binciken haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da aka fitar a 2021 ya nuna cewa masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin 100, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17. Wanda ke fita da asuba ya dawo bayan magariba kwana shida ko bakwai ya daɗe da wuce wannan iyaka.

Ina ruwan zafi da wannan magana?

Zafi na ninka komai. A Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Yamai da Tawa kan wuce 40, ƙarfe ba ya taɓuwa da hannu, haƙuri kuma ya yi ƙaranci. A farkon Afrilun 2024, ana tsakiyar azumi, an auna 48.5 a garin Kayes na Mali. Ma'aikaci mai azumi a irin wannan rana yana tsakanin abu uku: ibadarsa, abincin iyalinsa, da jikinsa da ke neman ruwa.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a juya lokacin aiki: a fara bayan sallar asuba, a yi zubin kankare da ɗaukar nauyi kafin rana ta take, a tashi da wuri. Wasu na zubi da dare idan akwai haske mai kyau. Ga marar azumi, shawarar masana ita ce kofi ɗaya na ruwa duk minti 15 zuwa 20, ba sai ƙishi ya zo ba. Sabon zuwa, ko wanda ya dawo daga jinya, yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba, don haka kada a jefa shi aiki mafi nauyi ranar farko. Idan mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya faɗi jikinsa zau, a kai shi inuwa, a cire masa kaya masu nauyi, a zuba masa ruwa ana fifita, a kira lambar gaggawa 15 ko 18 nan take. Maganar hukuncin azumi ga mai aikin ƙarfi kuwa, a kai ta ga malami tun kafin watan ya kama.

Abokan aikina na shan tramol don su jure. Ba taimako yake ba?

Yana rufe ciwo, ba ya cire shi. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi da ke kama mutum, yau ƙwaya ɗaya, bayan wata biyu ɗaya ba ta ji. Yana sa jiri da gyangyaɗi, idan aka sha da yawa yana jawo farfaɗiya, kuma farfaɗiya a saman bene mutuwa ce. Mai shansa kan ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa don ba ya jin gargaɗin bayansa, sai ƙwayar ta sake shi ya ga ɓarnar.

Ba na ganin adalci ne a zagi yaron da ke sha a ƙyale wanda ya ba mutum huɗu aikin mutum takwas. Shef ɗin da ya san ana sha ya kau da kai don aiki na sauri, da hannunsa a ciki. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, domin jiki na yin bore. Ya je wurin likita a rage masa a hankali.

Me ya sa jinkirin biya ya fi aikin kansa ciwo?

Saboda ma'aikacin gini ba albashinsa kaɗai ke jira ba. Mai abincin bakin shantiye ta ba shi bashi, mai ɗaki na jira, ga iyaye a ƙauye da suka san ranar da yake aikowa, ga adashe. Jikka biyu ko uku da aka riƙe masa yau, gobe ba tukunya a gidansa. Shi uba ne kuma ɗa ne, kuma jinkirin biya na mai da shi maƙaryaci a gaban duk waɗanda ya yi wa alƙawari. Masani Johannes Siegrist ya nuna tun 1996 cewa idan ƙoƙari ya yi yawa sakamako ya yi kaɗan, ko kuɗi ne, ko girmamawa, ko tabbacin aikin gobe, lafiya na taɓuwa.

Gaskiya ne ƴan kwangila ma sun sha wuya. Bayan 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya toshe hanyar Kwatano, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, ayyukan da ke dogaro da kuɗin waje suka tsaya. Ambaliyar 2024 ta rusa dubban gidaje, har gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoban shekarar. Duk wannan ya faru. Amma wanda bai da kuɗin biya ya faɗa tun ranar Litinin, kada ya bari sai yammacin Asabar ya kashe waya. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito sananne ne: a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Mutum biyu sun ba ni umarni daban. Wanne zan bi?

Kada ka zaɓa kai kaɗai, domin duk wanda ka zaɓa, laifin zai dawo kanka. Ka mai da maganar wurin masu ita. Da ladabi ake yi: "Shef, injiniya ya ce ƙarfe mai lamba 12, Alhaji kuma ya kawo mai lamba 10. Don Allah ku daidaita, ni duk wanda kuka tsayar shi zan ɗaura." Ba ka ƙi aiki ba, ba ka raina kowa ba. Kafin su gama, ka kama wani aikin da ba gardama a kansa, kada a ce ka zauna.

Idan aka canja magana, ka nemi shaida. Ba sai ka iya rubutu ba: "Ranka ya daɗe, a turo mini ta murya don kada in manta." Saƙon murya na nan ajiye, hoton aikin kafin a rufe shi ma haka. Wanda ya iya rubutu ya ajiye ɗan littafi, da boko ko da ajami: ranar, abin da aka ce, wanda ya faɗa, buhu nawa suka shigo. Wasu na jin kunyar yin haka, wai kamar rashin yarda ne. Ni ina ganin shi ne ke tsare zumunci, domin yawancin faɗan da ake yi a ƙarshen gini kan abin da kowa ya tuna daban ne.

Ga lebura kuwa, tambaya ɗaya da safe ta isa ta rage rabin wahala: "Maigida, yau wa nake bi?"

An ce in rage siminti ko ƙarfe. In na ƙi za a kore ni, in na yi zuciyata ba ta kwanta.

Wannan ce tambaya mafi nauyi, kuma ba zan ce tana da sauƙi ba. Da farko a bambance. Akwai ragin da ke taɓa kyau kawai, kamar kaurin shafe ko irin fenti; wannan haƙƙin mai kuɗi ne. Akwai wanda ke taɓa rai: harsashi, ginshiƙi, dal, matakala, baranda. A nan mutane za su kwana da ƴaƴansu shekara da shekaru, kuma ba su san abin da aka binne a cikin kankaren ba.

Ka fara da bayani, domin masu gida da yawa ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Ka nuna masa kuɗin buhu biyun da zai tsira da su, ka nuna masa kuɗin fasa dal. Ka kawo wata mafita: a rage faɗin aikin bana, a dakata da hawa na biyu, a fasa wani ado. Idan ɗan kwangila ne ke ragewa a ɓoye, injiniya ko mai sa ido kan aikin ya kamata ya sani, kuma ya fi kyau ku je ku biyu ko uku. Idan duk an ƙi, to ka sani ranar da gini ya rufta, sunan wanda ya zuba ake fara kira. A garin da ake samun aiki ta bakin wanda ka yi wa jiya, sunan magini shi ne jarinsa.

Ɗan uwana ne ya kawo ni aikin, ko kuma ni ne ke shugabantar ƴan garinmu. Yaya ake raba zumunci da aiki?

Yawancin ƴan ci-rani haka suke shigowa, ta hannun yaya ko kawu. Alheri ne, amma yana ɗaure baki: ba ka iya tambayar kawunka kuɗinka, shi ma ba ya iya korar ɗan yayarsa da ke makara kullum ba tare da magana ta kai ƙauye ba. Maganin shi ne a yanke komai tun farko a gaban wani dattijo: nawa ne a rana, yaushe ake biya, wa ke ciyarwa.

A sa maganar damina ma a ciki. Da ruwa ya sauka a Yuni ko Yuli, gona na kira, mahaifi na kira, shantiye kuma bai ƙare ba. Wanda zai tafi shuka ya faɗa da wuri, shef kuma ya tsara aikinsa da sanin cewa hannaye za su ragu. Duk shekara haka ake yi, bai kamata ya zo wa kowa a ba-zata ba.

Me doka ta ce?

Dokar ƙwadago ta Nijar ita ce mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumban 2012. Ta tsayar da awa 40 a mako a matsayin lokacin aiki, abin da ya haura a biya shi da ƙari, ga hutun yini guda a mako. Ta ɗora wa mai ba da aiki alhakin kare lafiya da ran ma'aikatansa, don haka hular kwano, takalmi da safar hannu ba alfarma ba ce yake yi musu. Rashin takarda kuma ba ya soke haƙƙi. Alƙawarin baki ma yarjejeniya ce, sai dai tabbatar da ita ya fi wuya, shi ya sa shaidu da saƙonnin waya ke da amfani.

Mai ba da aiki ne ya kamata ya yi wa ma'aikaci rajista a CNSS, asusun da ke ɗaukar nauyin haɗarin aiki, kuɗin iyali da fansho, kuma shi ne zai kai rahoton haɗari idan ya faru. Idan rikici ya taso, ana fara zuwa ofishin sufeton ƙwadago, inda ake ƙoƙarin sasantawa, in ya gagara a wuce kotun ƙwadago. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN, CDTN da CNT na iya nuna hanya. A matakin duniya, yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 ta 1981 ta ce kada a hukunta ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin haɗari ne babba ga ransa.

Abin baƙin ciki, mafi yawan masu gina gidajen unguwa ba su da rajista ko takarda, kuma sufetoci ba su isa ko'ina ba. Duk da haka sanin dokar na canja yadda mutum ke tsayawa ya yi magana.

Ni ne mai ginin. Me zan yi don kada in zama sanadin wannan matsi?

Mafi yawan maganin a hannunka yake, Alhaji, domin kai ne mai kuɗi. Ka tsayar da baki ɗaya. Ka tara kowa ranar farko ka ce wane ne ke ba da umarni, kuma kai kanka ka bi ta hannunsa. Idan ka ga abin da bai yi maka ba, ka kira shef gefe, kada ka tsallake shi ka umarci lebura, kada kuma ka ci masa fuska a gaban yaransa. Iyalinka su kawo shawararsu wurinka, ba wurin magini ba.

Ka gama tunani a kan takarda kafin a haƙa rami. Idan ka canja ra'ayi daga baya, haƙƙinka ne, amma kuɗin canjin da kwanakinsa naka ne. Kada ka sa ranar tarewa ko ranar biki sannan ka tilasta wa kankare ya bi ta. Kada ka ce a yi sauri alhali yashi da tsakuwa ba su iso ba, ko kayan da aka saya a kasuwar Katako suna can ba motar ɗauka. Ka tambayi ɗan kwangilarka ko an biya leburori, kuma wani lokaci ka tambaye su da kanka. Randar ruwan sha, rumfar inuwa, wurin alwala da makewayi ba su kai kuɗin ƙofa ɗaya ba.

Idan aiki ya yi kyau, ka faɗa. Magina da yawa sun shekara ashirin suna gini, muryar mai gida ba sa jinta sai ranar da aka sami kuskure.

Ba haƙuri da addu'a ne maganin komai ba?

Suna riƙe mutum, kuma ba na wasa da su. Sallar azahar a jam'i, da shayin da ake sha tare bayan aiki, sun ceci zukata da yawa. Amma haƙuri ba ya gyara umarni biyu masu karo, kuma bai dace wanda ya haddasa matsalar ya zama shi ke wa'azin haƙuri ba. A yi addu'a, a kuma zauna a faɗi wa ke da iko da me.

Idan abin ya fi ƙarfin mutum, ina zai nufa?

Ya fara da wanda ya yarda da shi: aboki, yaya, limamin unguwa, ko matarsa, wadda galibi ta riga kowa lura. Sannan ya je asibitin unguwa, CSI, ya faɗi komai, har da rashin barci da ƙwayar da yake sha, ba ciwon baya kaɗai ba. Daga nan ana iya tura shi gaba. Babban asibitin ƙasa na Yamai na da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, a Tawa kuma akwai babban asibitin jiha. Zuwa can ba hauka ba ne. Damuwa mai tsanani ciwo ce da ake magani, kuma ana warkewa.

Ku abokan aiki, idan kuka ji ɗan uwanku na cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu ya huta, kada ku ɗauka wasa ne, kada kuma ku rufe shi da faɗa. A sauko da shi daga saman gini, a zauna da shi, a tambaye shi kai tsaye abin da yake nufi, kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da na kusa da shi, a raka shi asibiti a ranar. Shef ya riƙe masa gurbinsa har ya dawo, kuma ya faɗa masa haka da bakinsa kafin ya tafi.